Ba Ƙurar Katako Ba Ce

"Zaɓi ɗaya za ka yi," in ji yayan matata, yana tsaye a bakin shagonmu, ko zama ya ƙi yi. "Ko ka bar kafinta, ko in tafi da ƙanwata gida."

"Haba Yaya, a zauna mana a yi magana..."

"Maganar me? Wata huɗu yarinya tana shiɗewa. Asma ce, kuma ƙurar katakonku ce. Sai ta mutu za ka gane?"

Na waiga na dubi Baba. Yana gefe yana gogar ƙafar kujera da hannun hagu, kamar ba da shi ake ba. Yatsu biyu suka rage masa a hannun dama tun ranar da injin yanka ya kama shi. In na bar shagon nan an rufe shi ke nan, wahalar mahaifina ta shekara talatin. In ban bari ba, a ɗauke min mata. Gaba kura, baya sayaki. Kwana uku Yaya ya ba ni, ya kama hanyarsa.

Allah ya sani ba abin da ban yi ba. Gidanmu bango ɗaya ya raba shi da shagon, don haka na toshe taga, na cire labule, na naɗe kafet. Wanka nake kafin in shiga ɗaki, kamar wanda ya dawo daga yasar rijiya. Maganin shaƙa kuwa Yaya ne ya sayo a kemis, shi da ya zama likita rana tsaka.

Washegari da hantsi na kunna inji zan tsaga katako. Ban gama na biyu ba na ji ana dukan bango. Na kashe, na ruga.

Na sami matata zaune a ƙasa a ƙofar kicin, tana haki, maganin shaƙar yana hannunta.

"Sau huɗu na shaƙa... ba ya yi... mutuwa zan yi..."

"Ba inda za ki, rabin raina. Riƙe ni."

Wannan karon ban saurari kowa ba, sai asibiti.

Likitar dattijuwa ce, ba ta da gaggawa, har sai da na ji haushinta. Ta ɗora abin sauraro a bayan matata, ta daɗe tana ji. Ta maƙala mata wani ɗan abu a yatsa, sannan ta ba ta bututu ta ce ta hura da ƙarfi.

"'Yata, kina tari idan abin ya zo?"

"A'a."

"Ƙirjinki yana fito kamar usur?"

"A'a... iskar ce ba ta isata. In na ja, kamar ba ta kai ƙasa."

"Yatsunki fa?"

"Suna min zir-zir. Har leɓena. Zuciyata kamar za ta faso."

Likita ta ajiye biro. "Mai asma, hanyar iskarsa ce ke matsewa, fitar da numfashi ke masa wuya, ga tari ga fito, kuma maganin nan yakan buɗe shi cikin mintuna. Ke yanzu kina cikin abin, amma ƙirjinki wasai, hurawarki lafiya. Za mu ƙara gwaji, don wani yakan haɗa biyun. Amma abin da nake gani fargaba ce."

"Wato ƙarya take?" Na faɗa ban sani ba, na kuma ji kunyar bakina.

"Wa ya ce ƙarya? Ciwo ne sosai, kuma yana da magani." Ta juya ga matata. "Ranar hutu yana zuwa miki?"

Matata ta dube ni.

"Ba ya zuwa," na amsa. Ni kaina sai lokacin na lura.

"To me kike ji kafin ya fara?"

Matata ta sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a cinyarta.

"Injin..." ta ce. "Da zarar an kunna."

Sai na tuna. Ita ce ta kawo mana abinci ranar da abin ya sami Baba. Ita ta naɗe masa hannu da mayafinta. Duk muka ruɗe a kansa, ba wanda ya taɓa tambayarta yaya ta kwana.

"Kullum sai in ga hannunka ne," ta ce. "Ina zaune ina jiran ihunka."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"In ce me? Ka bar mahaifinka saboda ni matsoraciya ce? Da Yaya ya ce asma, sai na ji sauƙi... ciwo ne zai raba ka da injin, ba ni ba."

Na riƙe hannunta. Tausayinta ya kama ni, ga haushin kaina.

Likita ta koya mata jan numfashi a hankali ta hanci, ta sa mata ranar ganin mai ba da shawara, ta ce kada ta ƙara shaƙar maganin sai an gama gwaji.

Daga asibiti shago muka wuce. Ita ta ce za ta faɗa wa Baba da bakinta. Ta durƙusa a gabansa ta zayyana masa komai, ta ƙare da, "Baba, ka yafe min."

Baba ya daɗe yana kallon injin.

"Tashi, 'yata," ya ce. "Ni ma haka nake ji. In ya kunna, sai in riƙe benci har ya kashe. Na ɗauka tsufa ne."

"Baba... kai ma?"

"Ni ma. Yaushe suka ce ki koma asibitin?"

"Ranar Litinin."

"To ki biyo min, mu tafi tare." Ya juyo gare ni, idanunsa sun kaɗa. "Kai kuma kira yayanta. Ka ce masa surukata tana nan, ba inda za ta."