Ɗakinka Ɗakinmu Ne

A can wani zamani an yi wani saurayi maɗinki wanda ya bar gidan ubansa ya kama ɗaki a wani gari. Ranar tafiya uwarsa ta ba shi tukunya da buhun gero, ta ce, "In ka yi tattali, zai kai ka kaka."

Bai daɗe ba ya yi abokai. Da ya sauke tukunya sai ga su. "Ɗakinka ai ɗakinmu ne," in ji su. Su cinye, su bar masa wanke-wanke. Ransa ya ɓaci, amma kunya ta hana shi magana.

Suka ɗauki rigarsa ta Juma'a. "Ɗakinka ai ɗakinmu ne." Ya cije leɓe.

Ran nan ya dawo daga kasuwa da yunwa, ya tarar sun kai sauran geron an yi musu fura sun shanye, ga tukunyar uwarsa a fashe.

Babbansu ya fara, "Ɗakinka ai..."

"Ɗakina ne!" Ya daka tsawa. "Me kuka taɓa kawowa ban da bakunanku? Ku fice mini!"

Suka fita suna kiransa marowaci. Ya wuni da yunwa yana huci.

Washegari ɗaya daga cikinsu ya dawo da kwanon dawa, kansa a sunkuye. Maɗinkin ya daɗe yana hararar sa, sannan ya ce, "Ga turmi can. Kai za ka daka."