Fiffiken da Yaya Babba Ta Jiƙa

Yaya Babba ce ta yi wannan aika-aikar, kuma ba a bayan idonta ake faɗa ba. Ita ta faɗa ɗakin ƙaninta masu ɗakin ba sa nan. Ita ta kwarara ruwa a kan aikin hannun mutane. Ita ta tsaya a bakin ƙofa ta kira matar ƙaninta matsafiya, har masu shaguna suka bar ciniki suka fito kallo. Duk wanda ya ce a rufa mata asiri don ita ce babba, to ya fara faɗa mana wa ya rufa wa Ƙarama, matar ƙanin, nata!

Ƙarama dai tela ce, 'yar firit da ita, shi ya sa sunan ya bi ta. Shagonta ɗan tsukuku ne, keken ɗinki da teburin yanka sun cinye shi. A nan Auta, ƙanin Yaya Babba, mai gyaran wutar lantarki, ya fara ganinta, ya zo sayen fil irin na tela, mai ɗan kai.

Ya saya yau, ya dawo jibi, ya sake dawowa. Har ta gaji ta ce, "Malam, wai cin fil ɗin nan kake yi?"

"Jirgin sama nake haɗawa."

"Da fil? To Allah Ya sauke ku lafiya!"

Washegari sai ga shi da jirgi a hammata, tsawonsa bai wuce hannu ba. Ya ce a kwali ake sayo shi, guntu-guntun katako marar nauyi da zanen yadda za a jera su, mutum ya zauna ya haɗa da gam. Ya roƙe ta ta zo filin ƙwallo ta gani. Ta je don ta yi masa dariya. Da abin ya bar hannunsa ya yi sama yana kuka kamar zuma, sai ta nemi dariyar ta rasa.

Daga nan aka fara, har aka yi aure. Shi ke wayoyi da batir da farfela, ita ke yanka da manna leda a fiffike da ɗan dutsen guga. Yana ce mata Injiniya, tana ce masa Kyaftin. Dangi na ta taɓe baki, wai gandan-gandan da su suna wasan yara. Su kuwa ko a jikinsu.

Sai ƙaddara ta faɗo. Tsani ya zame da Auta a wurin aiki, ya faɗo ta kafaɗar dama. Rai ya yi saura, amma hannun ya saki, ya koma kamar tsumma a rataye. Mutumin da bakinsa ba ya shiru ya zama gunki. Ya juya wa bango fuska. A kawo abinci ya ture, a yi magana ya rufe ido.

Inna, mahaifiyarsa, ta ce a dawo mata da ɗanta gida ta yi jinyarsa. Yaya Babba ta kama wannan maganar ta riƙe gam, kullum tana cewa yarinyar da ke yini a shago ba za ta iya da majinyaci ba. Auta ya girgiza kai, ya ce yana nan a ɗakinsa.

Wata rana bayan la'asar Ƙarama ta taka kujera, ta sauko da wani kwali daga saman kabad, wanda suka saya kafin faɗuwar ba su buɗe ba. Ta shimfiɗa zanen a kan allo, ta fara jera katakon a karkace da gangan.

Ya kalla ta wutsiyar ido. Ta ɗauko gam.

"Ke! Wannan na hagu ne..."

"Na'am? Da ni kake?"

"Haƙarƙarin nan na fiffiken hagu ne. Za ki ɓata shi!"

"To ni na sani? Kyaftin ɗina ya yi yaji ya bar ni."

"Ƙarama, me zan yi da hannu ɗaya?"

Ta taso ta ɗauki mataccen hannun nan da hannayenta biyu, ta ɗora shi a kan doguwar sandar da ke zama ƙashin bayan fiffike.

"Danne min nan. Da ma dutse nake nema, ga shi na samu mai ɗumi."

Ya dube ta, ya dubi hannun. Dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin ta. Ita ma ta sa kuka, tana cewa, "Kada ka motsa, masoyi, gam bai kama ba!"

Haka suka ci gaba. Wanda bai taɓa gani ba ya sani: fiffiken nan ana jera masa 'yan katakai sirara a jere kamar haƙarƙarin kaza, kowanne a kafe shi da fil a jikin allo, kada ya gusa har gam ya bushe. Ba a taɓawa, ba a ɗagawa, ruwa kuwa ko ɗigo ba ya so. In ya jiƙe ya murɗe, jirgi ya tashi aiki ke nan.

Da suka gama jerawa, Auta ya ɗauki biro da hagu, ya yi ta fama har ya rubuta sunansa da nata a jikin sandar. Rubutun duk a karkace, kamar tafiyar kyankyaso. Shi ne abu na farko da ya rubuta tun da ya faɗo. Ƙarama ta sumbaci yatsun, ta lulluɓe allon da farin ƙyalle saboda ƙura.

Da safe ta raka shi asibiti wurin masu motsa masa hannu, ta wuce shago. Makulli yana ƙarƙashin tabarmar ƙofa, kuma Yaya Babba ta san wurin. Ta zo da Inna, wai dubiya.

Me ya kai hannunta ƙarƙashin ƙyallen mutane? Ta ɗaga, ta ga haƙarƙari a jere, allurai a soke ko'ina, ga sunan ƙaninta da wani irin rubutu, an rufe da farin ƙyalle. Sai ta ɗora hannu a ka.

"Inna! Zo ki ga abin da ya shanye hannun ɗanki!"

Ba ta tambayi kowa ba. Ta tuge fil ɗin ɗaya bayan ɗaya tana tofe-tofe, ta ɗauko buta ta juye wa allon ruwa tas. Sannan ta fito titi ta buɗe maƙogwaro.

Da labari ya kai wa Ƙarama, a guje ta zo, zaren awo na wuyanta. Ta ratsa taron ta shiga. Ba mutanen ta fara kallo ba, allon ta kalla. Katakon ya sha ruwa ya fara murɗewa, tawadar sunayen ta narke ta bi shi.

"Yaya... me kika yi?"

"Na karya abin da kika ƙulla, munafuka! Shi ya sa ya ƙi bin uwarsa. Kin kafe shi kamar yadda kika kafe wannan!"

"Fiffiken jirgi ne!"

"Jirgin ubanwa? Na ga jiragensu na wasa, fata ce da su sumul. Wa ya taɓa ganin jirgi da haƙarƙari?"

"Ciki ne ba ki taɓa gani ba! Da kin tambaya..."

"In tambayi maciji ina ya ajiye dafi?"

Ana cikin haka Auta ya iso. Ya ga allon. Kafin ya ce uffan Inna ta riƙe masa riga. Tsohuwar ba mugunta ce da ita ba, tsoro ne ya cika ta.

"Autana, in dai ni na haife ka, ka biyo ni yanzu. Ko ba komai hankalina ya kwanta."

"Inna, wallahi jirgi ne. Ni na rubuta..."

"Ka ji ko?" in ji Yaya Babba. "Har bakinsa ta juya!"

"Zan durƙusa maka a gaban mutane," in ji Inna, ta fara sunkuyawa.

Ya tare ta da hannunsa mai lafiya. Ya waiwayo ya dubi matarsa, idonsa jawur.

"Ƙarama... bari in kai ta gida."

"Kyaftin, in ka tafi yanzu, ka sa hannu a kan abin da aka faɗa."

Ya sunkuyar da kai. Ya tafi.

Baki shi ke yanka wuya. Kafin mako ya zagayo, mata sun zo sun kwashe ɗinkunansu daga shagon, har wanda aka riga aka yanka. Wata ta ce ba za ta sa rigar da allurar Ƙarama ta ratsa ba. Auta kuwa an karɓe masa waya, wai kada a kira shi da asiri ta ciki. Gidansu Ƙarama suka aiko ta dawo gida, aure ba dole ba ne.

Ta ce ba inda za ta. Wadda ta gudu ita ce mai laifi.

Ta buɗe kwalin. Falankan da aka ɓalle haƙarƙarin daga jikinsu suna nan da ramukansu, kowane rami da siffar abin da ya fita. Tela ba ta rasa yadda za ta fitar da yanka. Ta ɗora su a kan ragowar katakon tsofaffin jiragensu, ta zana, ta bi da reza, ta goge da samfefa.

Ranar da ta gama, da rana tsaka, ta ɗora allo a ka ta nufi gidan Inna. Ta yi sallama, ta gaida tsohuwar har ƙasa, ta dire allon a tsakar gida. Maƙwabta suka cika ƙofa.

Yaya Babba ta fito tana ɗaura ɗankwali. "Kin biyo shi har nan?"

"Tsafin na kawo, Yaya. Na ga kin gan shi a ƙarshe, ba ki ga farkonsa ba. Zauna ki kalla."

"Fita daga gidan nan!"

"Gidan Inna ne. In ta kore ni in tafi."

Inna ta waiwaya. Tana kallon ƙofar ɗakin da ɗanta yake, wanda tun zuwansa bai ci abin kirki ba, bai yi wa kowa magana ba.

Ƙarama ta shimfiɗa zane, ta fara jerawa. Ta soka fil na farko, wata mata ta yi salati. Ta soka na biyu. Da ta zo kan doguwar sandar, sai ta ƙi zama, a danne nan can ya ɗaga. Gam na neman bushewa. Ta ɗaga murya ba tare da ta ɗago kai ba.

"Kyaftin! Ba ni da dutse!"

Har Yaya Babba ta fara murmushi.

Sai labule ya motsa. Auta ya fito, ya rame, gashi ya cika masa fuska. Yayarsa ta sha gabansa.

"Koma ciki!"

"Yaya, matsa."

"Ni kake ce wa..."

"Na bi Inna don uwata ce. Ke kuwa matata kika zaga. Matsa!"

Ya durƙusa a gaban allon. Da kansa ya sa hannun hagu ya ɗauki na dama, ya ɗora a kan sandar.

"Ki yafe min, Injiniya. Na bar ki ke kaɗai a bakin duniya."

"Yi shiru, za ka sa in soki yatsana."

"Kin karkata na ukun nan."

"Ka ji shi! Daga fitowa sai gyara!"

Ya yi dariya. Inna ta ji wannan dariyar, ta dafa bango ta taso. Ta matso tana leƙe, ta ga yadda kowane katako ke zama a kan layinsa na zane, ta ga siffar fiffike na fitowa ƙiri-ƙiri. Kwalin fil ya yi wa Ƙarama nisa, tana miƙa hannu ba ta kai ba. Tsohuwar ta sunkuya ta ɗauka, ta zaro ɗaya ta miƙa mata.

"Ungo, 'yata... Ni ce da laifi."

"A'a Inna, ke tsoro kika ji."

Da suka ɗago, Yaya Babba ta sulale ta ƙofar baya.

A ranar Auta ya koma ɗakinsa. Allon kuwa a gidan Inna ya kwana, ita ta yi gadinsa, ko kaza ba ta bari ta gifta ba. Da jirgin ya kammala suka tafi da ita filin ƙwallo. Ƙarama ta cilla shi, Auta ya rataya rimot a wuya yana tuƙi da babban yatsan hagu. Jirgin ya yi tangaɗi, ya daidaita, ya yi sama. Inna ta kare ido da tafin hannu tana ta kiran, "Kada ya faɗo! Autana, sauko da shi a hankali!"

To, miji ya dawo, suruka ta wanke zuciyarta. Amma shagon Ƙarama har yanzu wayam yake, keke ya yi ƙura. Matan da suka ji ihun ba su je tsakar gidan Inna ba, ba su je filin ƙwallo ba. Yara na wucewa suna nuna ƙofar da baki.

Ita kuwa mai ihun ta aiko a gaya wa ƙaninta wai komai ya wuce, a bar tone-tone, zumunci ya fi.

Bai wuce ba! A titi aka zubar da mutuncin yarinyar nan, ba a cikin ɗaki za a kwashe shi ba. Yaya Babba ta yafa mayafinta ta zo bakin shagon, da rana, lokacin da titi ya cika. Ta buɗe murya ta ce ƙarya ta yi. Sannan ta bi matan nan gida-gida ta faɗa musu da bakinta. Ƙarama tana zaune a kan kekenta tana jira, kuma ba za ta tashi ba. Yaya Babba, fito ki amsa!