Nauyin Albasa a Kwanar Maiyama

"Ba zan fita ba," in ji Mubina.

Atiku, mai shagon giem na wasannin bidiyo da ke bayan tashar Jega, ya sake nuna mata ƙofa. "Malama, wurin ga na maza ne."

"Allonka ya ce wasa ake yi, bai ce maza ba." Ta ajiye littafinta a benci ta zauna.

A shekarar 2010 ne, tana ajin ƙarshe a jami'ar Aliero, tana karanta fiziks. Aikinta na kammalawa tambaya ce guda: tsakanin wasan tseren mota da ake jonawa da talabijin da wanda ake yi a kwamfuta, wanne ya fi faɗin gaskiya kan tafiyar mota?

Wani dogon saurayi da ke gaban talabijin ya yi magana ba tare da ya juyo ba. "Ƙyale ta, Atiku. Ƙila ita ta gaya muna abin da ya hana motar ga faɗuwa."

"So kake ta faɗi?" ta tambaya.

"So nike ta yi gaskiya. Na shiga kwana a guje, ta liƙe da kwalta kamar an sa mata gam. Wanda ya ƙera wasan ga bai taɓa jin mota ta karkace da shi ba."

Ta rubuta maganar tukuna, sannan ta ɗago ta dube shi. Shi ma ita yake kallo, motarsa kuwa ta daki bango ta ci gaba da gudu abinta.

Sunansa Zayyad, direba ne.

Ranar Alhamis ta dawo ɗauke da kwamfutar da ta aro wurin ɗan ajinsu Nuraddeen, haɗe da ƙaramin sitiyari. Zayyad ya kama shi da hannu biyu. Da ya taka birki a tsakiyar kwana, gaban motar ya nutse, bayanta ya zille, ta yi juyi biyu. Ya saki sitiyarin.

"Wanga ya san nauyi," ya ce a hankali. "Mi ya bambanta su?"

"Na talabijin so yake ka ji daɗi, shi ya sa yake taimakon tayoyin a ɓoye. Wannan kuwa lissafa nauyin da ke kan kowace taya yake yi."

"Amma shi ma bai san rami ba, bai san shanun da ke ratsa hanya ba."

Ta yi dariya, ta rubuta wannan ma.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Malamata, yau na ci tsere uku a talabijin, ban ji daɗin ko guda ba. Kin ɓata mini wasa."

Ta amsa: "Yi haƙuri, direbana. Alhamis zan kawo maka mai faɗuwar."

A Alhamis ta biyar ta tambaye shi abin da ke zaunar da direba a shagon giem da rana tsaka. Ya ce wata bakwai da suka wuce babbar mota ta kife da shi a wata kwana kusa da Maiyama, cike da albasar Alhaji Barau na Aliero. Aka ce gudu ya yi. Tun daga nan babu mai ba shi makulli, hannunsa kuma ya ƙi manta sitiyari.

Mubina ta rufe littafinta. Alhaji Barau mahaifinta ne, wanda tun tana rarrafe yake kiran ta Uwata.

Nuraddeen ya daɗe yana son ta, kuma bai ji daɗin inda kwamfutarsa ke zuwa ba. Ya karɓe kayansa, ya kai labari gidan su Mubina, ya kai wa Zayyad.

Saƙon Zayyad gajere ne: "Ashe ke ɗiyar Alhaji ce. Maganata kike rubutawa kina kai mishi? Kada ki sake zuwa."

Alhaji kuwa cewa ya yi, "Uwata, na hana ki shagon ga, na hana ki yaron ga."

"Baba, shagon na bari," ta ce. "Tambayar ce ba zan bari ba."

Ta hau mota zuwa Maiyama da tef ɗin awo, ta auna kwanar masu wucewa suna kallon ta. Ta nemi masu lodin da suka loda motar a ranar. Suka ce Alhaji da kansa ya sa aka ƙara jeri biyu na buhuna a saman bodi, don kada albasar ta kwana a ƙasa. Kwana uku tana lissafi. A kwamfutar sashensu ta buɗe wasan, ta ɗaga tsakiyar nauyin motar sama, kamar an ƙara mata buhunan nan. Ta shiga kwana a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Motar ta kife.

Ta iske Zayyad a tasha yana wankin mota. Bai gaishe ta ba. Ta miƙa masa takardun, ta yi bayani har ƙarshe. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Wata bakwai ina zargin hannuna," ya ce. Can ya ɗago. "Malamata, ki yafe mini saƙon nan. Amma kada ki nuna ma Alhaji. Ni ya ishe ni da na sani."

"Ni bai ishe ni ba."

Ta faɗa wa mahaifinta a gaban yayarsa, Goggo Dije, tana durƙushe.

"Da wasan yara za ki yi mini shari'a?" in ji Alhaji.

"Ba wasan ba ne, Baba, awon ne. Wasan nunawa kawai ya yi. Ko kai ne a sitiyari, motar nan sai ta faɗi."

Ya tashi ya fita. Ranar kasuwa masu lodi suka ga ya hana ƙara jeri a saman bodi. Bayan mako biyu ya aika wa ƙungiyar direbobi cewa yaron ba shi da laifi, Zayyad ya samu makulli. Amma ita, Alhaji ko gaisuwarta ya daina amsawa.

Goggo Dije ce ta yi ta zirga-zirga. "Barau, ɗiyar da ka sa makaranta ce ta yi karatu. Mi kake so ta yi da shi?"

Bayan damina ta biyu aka ɗaura aure a Aliero, Alhaji ne da kansa ya bayar da ita. Da za a kai ta Jega, Zayyad ya rubuto: "Amaryata, na gaya ma direba ya bi kwana a hankali. Kayan da ya ɗauko sun fi albasa."

Ta durƙusa gaban mahaifinta. Ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Mubina. Allah ya zaunar da ku lafiya."

Ta ce amin, hawaye na zuba. Ta samu mijinta, ta wanke sunansa, kuma da za a sake, haka za ta yi. Amma wata goma sha huɗu mahaifinta ya yi bai yi mata magana ba, kuma har yau bai sake kiran ta Uwata ba.