Mai Walda na Ƙasan Benenmu

"Wai kai ba ka da baki ne?"

A ƙofar shagonsa na faɗa masa haka. Mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa, ya dube ni, ya ce in matsa kada tartsatsi ya taɓa ni.

Ni ina maganar aurenmu, shi yana maganar tartsatsi...

A tsohon benen nan aka haife mu, mu a hawa na uku, su a ƙasa. Unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ce tun zamanin kakanni, kowace ƙofa da yarenta, amma a famfo ɗaya muke bin layi. Duk da haka, da ya nemi aurena sai Baba ya ce su baƙi ne, bai san asalinsu ba. Mai kemis ɗin bakin titi, wanda na sha kora, shi ya rura wutar. Ya raɗa wa Baba wai an ajiye wa mai walda mata a ƙasarsu.

Ƙasar da ko a mafarki bai taɓa takawa ba!

Na roƙe shi ya hau sama ya ƙaryata, ya ce ba zai iya musu da mahaifina ba. Na kai kukana wurin Umma, ta ce in yi haƙuri. Na gaji da jin kalmar nan. Na daina bi ta gaban shagonsa, ɗinkin mutane ma sai in yi in farke.

Wata safiya muka ji tari a matakala. Kakarsa ce ke hawowa da sandarta, tana haki. Aka shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi zama. Ta tuna wa Baba cewa ita ta yi jinyar mahaifiyarsa a wannan ɗakin, mijinta kuma ya kama masa hannu ranar da ya fara aiki a tasha.

"Yau mu ne baƙi, ɗana?"

Baba ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce su turo manyansu.

Na sauka da gudu, ko mayafi ban gyara ba. Na tarar da shi a gindin matakala cikin wankakkiyar riga, gumi ya jiƙa ta sharkaf.

"Kai ka turo ta?"

"Goya ta na yi zuwa hawa na farko, masoyiyata. Sauran ta ce da ƙafarta za ta hau."

Na so in harare shi... dariya ta ƙwace min, hawaye na zuba.