Yarinyar da Ta Wanke Gidan Kifi

Akwai wata yarinya mai tsafta. Ba irin tsaftar da kuka saba gani ba. An ce idan ƙuda zai shiga ɗakinta, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya goge ƙafafunsa. Ni dai ban gani ba, amma wanda ya gaya mini ba ya ƙarya sai jefi-jefi. A gida ana kiranta Uwar Tsafta.

Kakarta ta daɗe ba ta fita waje. Ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Kullum tana kwance tana kallon bango, abinci ma sai an lallaɓa ta.

Baban yarinyar mai aikin gilashi ne. Wata rana ya haɗa ragowar gilasai, ya liƙe su da gam, ya yi ɗan akwati. Ya ɗora shi kan tebur a ɗakin Kaka, inda haske ke shiga amma rana ba ta bugawa.

Ya ce, "Zo ki taya ni. Gidan kifi za mu yi wa Kaka."

Ya fara zuba baƙar ƙasa a ciki. Yarinya ta yatsine fuska.

"Baba, ƙasa ce fa."

"Na sani. Ita ce abincin tsirrai."

Ya rufe ƙasar da yashi. Suka dasa ciyawar ruwa da yatsunsu. Sannan ya kawo ruwan da ya kwana a bokiti, don maganin da ke cikin ruwan famfo ya fita. Ya kifa ɗan faranti a kan yashin, ya tsiyaya ruwan a hankali.

"To ina kifin?" in ji ta.

"Sai ciyawar ta kama tukuna. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Za su zauna cikin yashin nan. Su ne ke cinye kashin kifi, su gyara ruwan. Kada ki taɓa cikin akwatin sai ina nan."

Daga kan "kashin kifi" kunnenta ya toshe. Sauran maganar ba ta shiga ba.

Da ciyawa ta fid da sabon ganye, Baba ya kawo ƙananan kifaye uku. Kaka ta tashi zaune. Ta raɗa musu suna: Ɗan Gayu, Sarkin Gudu, da Mai Tumbi.

"Ƙawata, dubi wannan," in ji Kaka. "Cinsa irin na babanki."

Daga ranar Kaka ta daina kallon bango. Tana ci, tana dariya, tana yi wa kifaye faɗa.

Amma Uwar Tsafta ba ta sami sukuni ba. Gilashin ya fara kore-kore daga ciki. Yashin ya yi duhu. Duk ta shiga ɗakin sai hannunta ya dinga ƙaiƙayi.

Ranar da Baba ya kai Kaka asibiti, yarinya ta naɗe hannun riga. Ta kwashe kifayen a kwano. Ta tumɓuke ciyawar, ta watsar da ita da ƙasar a shara. Ta wanke yashi da sabulu, ta dirje gilashi da soso. Ta cika shi da ruwan famfo, ta mayar da kifayen.

Akwatin ya yi fes, har kana iya ganin fuskarka. Ta zauna tana jiran yabo.

Ba a jima ba kifayen suka taso sama, suna buɗe baki suna rufewa. Sarkin Gudu ya daina gudu. Ɗan Gayu ya kwanta ta gefe.

Da su Baba suka dawo, biyu sun mutu. Mai Tumbi kaɗai ke motsi.

Baba ya ruga ya ɗauko ruwan da ya kwana. Ya tsamo Mai Tumbi ya sa a ciki. Ya tsinto ciyawar daga shara, ya ɗauraye, ya jefa masa.

Kaka ta daɗe tana kallon akwatin. Sannan ta kwanta, ta juya fuskarta bango.

Wannan ya fi duka zafi. Yarinya ta durƙusa a gaban gadon tana hawaye.

"Kaka, ni ce. Gyarawa na so in yi. Ki yafe mini."

Kaka ba ta juyo ba. A hankali ta ce, "Na yafe. Amma je ki duba mini ko Mai Tumbi zai rayu."

Yarinya ta sami Baba a tsaye kan bokitin.

"Baba, ba datti na wanke ba?"

"Masu yi wa kifayen shara kika wanke, 'yata. Sabulu kuma guba ne ga kifi. Me ya hana ki tambaye ni?"

"Na zaci na sani."

Washegari suka sake farawa. Suka ɗauraye akwatin har ƙanshin sabulu ya fita. Suka samo sabon yashi. Wannan karon ita ta zuba baƙar ƙasar da hannunta. Ta ɗan runtse ido, amma ta zuba.

Sai jira. Kowace safiya takan leƙa bokiti, ta shiga wurin Kaka.

"Yana nan, Kaka. Yau ma ya ci."

Ciyawa ta kama. Mai Tumbi ya koma gidansa, shi kaɗai. Baba ya koya mata yadda za ta riƙa ɗibar ruwa kaɗan, ta maye shi da wanda ya kwana.

Wata safiya Kaka ta kira ta.

"Ƙawata, zo ki ga abin kunya. Ashe tumbin nan ba na ci ba ne."

Yarinya ta matso. Cikin ciyawa ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin kifaye, ido ya fi jiki. Ashe Mai Tumbi mace ce, kuma irin kifin nan ne da ke haihuwar 'ya'yansa a raye. Wanda ya ba ni labarin ya ce sun kai dubu. Ku rage masa kaɗan.

Kaka ta yi dariya har ta nemi ƙarin abinci.

Har yanzu Uwar Tsafta tana nan da tsaftarta, ƙuda ma bai daina goge ƙafa ba. Amma ta koyi abu ɗaya. Ba duk abin da ya yi kama da datti ne datti ba. Idan ba ka san yadda abu yake aiki ba, ka tambaya kafin ka ce za ka gyara shi.