Ta'aziyyar Mai Rai

Tun da hantsi Safara'u ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa, ta leƙa zaure ta dawo, har mahaifiyarta Inna Ladi ta gaji da ita.

"Ke dai ki zauna mana! Almun nan ba ta sama zai faɗo ba."

Almu ɗan Gwaggo Baraka ne, ƙanwar Malam Dabo, mahaifin Safara'u. Tun da ubansa ya rasu Malam Dabo ya ɗauki nauyinsa, shi ya sa shi makaranta har jami'a, shi kuma ya ce ya ba shi Safara'u. An riga an tsayar da magana: yana gama karatu a bana za a ɗaura. Yau Asabar, ranar da ya ce zai zo gidansu a unguwar Ƙofar Marusa.

Sai ga sallama a zaure. Ta yi zumbur, amma muryar ba tasa ba ce. Mahaifinta ya ce a kawo wa baƙo ruwa, ta kai ta ajiye, ta dawo bayan ƙofa ta laɓe, don Safara'u akwai son jin ƙwaƙwaf.

"Sunana Dakta Sammani, malamin Almu ne a jami'a," in ji baƙon. "Ni ma ɗan garin nan ne. Na zo ganin gida, na ce ba ni komawa sai na yi gaisuwa. Ya haƙuri? Ashe Malam Dabo lokaci ya yi! Yaron nan da hawaye ya shigo ofishina, ya ce ranar jarrabawata aka kai kawunshi."

Safara'u ta yi sauri ta leƙa. Ga Malam Dabo nan zaune garau a kan buzunsa, carbi a hannu! Ta ga carbin ya tsaya cak. Ya daɗe bai ce uffan ba, shi kuwa Dakta ya ɗauka nauyin rashi ne, ya ɗaga hannu ya shiga addu'a, Allah ya jiƙan Malam Dabo, ya sa ya huta.

"Amin," in ji Malam Dabo a hankali. "Allah ya ba da lada."

"Ku ce mashi ya kwantar da hankali. Ranar Litinin zan ba shi jarrabawarshi shi kaɗai."

Gaskiyar magana, babu wanda ya mutu. Shekarar ce sojoji za su koma bariki, gari ya rikice da kamfen, kowane yaro yana ganin kansa a ofis. Wani ɗan takara ya yi wa Almu romon baka, Almu ya ajiye littafi ya bi ayari ƙauye-ƙauye yana riƙe da lasifika. Da ya farga, jarrabawa ta wuce. Ya duba uzurin da ba a musu da shi, ya ɗauko mutuwa. Abin da ya manta shi ne, Bakatsine ba ya jin rasuwa a garinsu ya wuce bai je gaisuwa ba.

Bayan la'asar Almu ya iso tare da mahaifiyarsa, yana ta fara'a, ya durƙusa zai gaishe da kawunsa.

"Wa kake gaisarwa?" in ji Malam Dabo. "Ai na rasu. Ɗazu malaminka ya zo ya yi mani addu'a, na ce amin."

Almu ya daskare a wurin. Da Gwaggo Baraka ta gane zancen sai ta ɗora hannu a ka.

"Yaya, ka yi wa Allah! Ƙuruciya ce!"

"Baraka, a gaban baƙo na kasa buɗe baki in kunyata ɗan da na rena, kuma shirun nan yana ci na har yanzu. Amma maganar aure ku neme ta wani wuri. Mamaci ba ya ba da ɗiya." Ya ɗauki butarsa ya yi masallaci.

Gida ya kaure. Inna Ladi tana salati, Gwaggo tana kuka, Safara'u ta shige ɗaki tana jin kamar ta kurma ihu. Haushin Almu take ji, kuma sonsa bai ragu ko kaɗan ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Gwaggo ta biyo ta ta kama hannunta.

"Ɗiyata, ke kaɗai yake ji. Ki lallashe shi ya yi shiru zuwa Litinin. Almu ya rubuta abinshi, ya gama, a yi biki. Wa zai sani?"

Safara'u ta ja mayafi ta fita zaure, inda Almu ke ta kai da kawo.

"Safara'u, filis, ki saurare ni. Kos ɗaya ne fa! In na faɗi gaskiya kari-oba ne, shekara guda cur, in ma ba su kore ni ba. Don ke na yi, wallahi, don kada bikinmu ya ɗaga."

"Don ni? Don ni ka kashe mani uba?" Hawaye suka zubo mata. "Yaya Almu, duk mutanen duniya ka rasa wanda za ka sa a likkafani sai wanda ya saya maka littafin farko? Gobe in ka makara ofis, ni za ka ce na mutu?"

"To ya kike so in yi?"

"Inda ka kashe shi, can za ka koma ka tashe shi. In shekara ce zan jira. Amma in ka zauna jarrabawar nan ranar Litinin, ko Baba ya haƙura ni ban haƙura ba."

Gwaggo, da ke laɓe ita ma, ta fito tana faɗa, wai yarinya ta fi ubanta taurin kai, wai so take ta ga bayan ɗanta. Almu dai ya sa takalmi ya fita.

Ranar Litinin Dakta Sammani ya miƙa masa takardar tambayoyi. Almu ya kalle ta, ya mayar da ita kan tebur.

"Yallaɓai, wanda ka yi wa gaisuwa ranar Asabar, shi ne Malam Dabo."

Dakta ya cire tabarau. Ya yi faɗa kamar zai ari baki, ya kai maganar gaban hukumar jami'a. Ba a kore shi ba saboda da bakinsa ya faɗa, amma shekarar ta tafi.

Shekarar nan ta yi wa Safara'u tsawo. Ƙawayenta suka yi ta aure tana zuwa musu biki, ana yi mata kallon gefe. Gwaggo ta daina amsa gaisuwarta. Ɗan takarar ya ci zaɓe, ko sunan Almu bai ƙara tunawa ba. Shi kuwa Almu duk zuwan da zai yi gaisuwa, Malam Dabo sai ya amsa a taƙaice ya ci gaba da jan carbi. Sau da yawa takan kwanta ta yi kuka, tana tambayar kanta ko ita ta jawo musu.

Da sakamako ya fito, wata Asabar aka sake yin sallama a zaure. Safara'u ta kai ruwa, ta koma wurin laɓewarta. Dakta Sammani ne, Almu na bayansa a durƙushe.

"Malam, bara na zo na yi maka ta'aziyyar kanka," in ji Dakta yana murmushi. "Bana biko na zo. Yaron nan ya ci jarrabawata da guminshi, ni ne shaida."

Malam Dabo ya dubi Almu, idonsa ya ciko.

"Tun ranar da ka mayar da takardar nan na tashi, Almu. Jira nake in ga ko za ka iya ɗaukar shekarar." Ya juya wajen ƙofa. "Ke kuma mai laɓe, je ki hwaɗa wa gwaggonki ta zo a sa rana."

Safara'u ta kwasa da gudu tana dariya tana share hawaye.

'Yan'uwana ɗalibai, wanda jarrabawa ta wuce shi, ya tafi ya faɗi abin da ya hana shi, komai ɗacinsa. Gaskiya shekara guda ta ci wa Almu. Ƙaryar kuwa, da ya bar ta, da ta raba shi da kawunsa da Safara'u gaba ɗaya.