Babu Barmo a Ruwan Yau

Barmo ya lashi abin da na'ura ta ce ba ta san shi ba. Kuskuren ke nan. Sauran duk biyo baya suka yi.

A Tudun Gilashi ba a sakin ruwan famfo sai Tsefau ta yarda. Birni ne mai hawa kan hawa, jiragen ƙasa na bi ta saman gidaje, an kafa shi a kan tsohuwar marina da jujin masana'antu. Da aka zo gini ba a kwashe komai ba, kankare aka zuba aka rufe. Ruwan garin kuwa daga ƙarƙashin wannan kankare ake janyo shi.

Tsefau na'ura ce mai girman ɗaki. An sa mata sunan ne don tsefe ruwa take yi kamar yadda mace ke tsefe kitso. Ana kawo fallen gilashi da aka shafe da farar hoda, a ɗiga masa ruwan da ake tuhuma daga ƙasa, a tsayar da shi cikin wani ruwan magani. Maganin sai ya riƙa hawa, kamar yadda damshi ke hawa bango da damina, yana jan duk abin da ke cikin ɗigon. Mai nauyin jiki ya tsaya ƙasa, mai saurin ƙafa ya yi sama, kowa da inda yake tsayawa. Daga nan Tsefau ta haska kowane tabo da hasken da ido ba ya gani. Kowane sinadari da irin hasken da yake sha da wanda yake mayarwa, da haka take kiran sunansa. Waɗanda suka ƙera ta sun ce babu abin da ke ƙasa ko sama da ba ta da sunansa.

Aikin Barmo shafa hoda da jera falle. Da can marini ne, ɗan marina, jikan marina. Har yanzu farcensa bai bar shuni ba.

Ran nan da hantsi, ana zafin bazara, wani tabo shuɗi ya fito a fallen. Ya wuce gishiri, ya wuce tsatsar bututu, ya yi ta hawa har dab da layin sama, sannan ya tsaya. Tsefau ta haska shi, ta sake haskawa.

"Ban san shi ba," in ji ta. "Ya yi kaɗan. A ƙaro mini."

Dakta Hansatu, mai kula da tashar ruwan, ta kulle makunnin ruwan gari. Nan take waya ta fara kuka. Asibiti, gidajen burodi, masallatai, kowa na tambayar ruwa.

"Sai mun tace tanki guda kafin mu tara abin da zai ishe ta," ta ce. "Zai kai gobe, ko jibi."

"Jibi? A wannan zafin?" Barmo ya ɗaga fallen yana dubawa. "Dakta, shuni ne fa. Rijiyoyin rinin kakannina ne a ƙarƙashin ƙafarki. Wata ce ta fashe."

"Ta san shuni, Malam Barmo. Da shi ne da ta faɗa."

"Ta san na kwalba. Ta taɓa shiga karofi?"

A karofi, wato marina, akwai ƙa'ida. Ba ka tsoma zanen mutane a rijiyar da ba ka ɗanɗana ba. Da harshe ake sanin toka ta yi, da harshe ake sanin rini ya nuna. Barmo bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Hannu ne ya kai fallen baki, kamar yadda ya saba kai yatsa tun yana yaro.

"Kai! Malam Barmo!"

Ya tattauna bakinsa. Ɗacin shuni na nan. Amma a bayansa akwai wani sanyi, kamar ya lashi ƙarfe da asuba.

"Shuni ne," ya ce. "Saki ruwa."

"Wallahi ba zan shayar da gari da harshenka ba. Wuce a duba ka."

"A duba me? Na sha abin da ya fi wannan kafin a haife ki."

Ya ɗauki hularsa ya tafi gida yana faɗa.

Matarsa Tabawa ce ta fara gani, yana alwalar la'asar a tsakar gida.

"Malam, rini ka koma a ɓoye?"

"Wane irin rini?"

"To, da ƙafa ake yinsa yanzu?"

Ya duba. Tafin ƙafarsa shuɗi ne har idon sawu, iyakar shunin layi ne a miƙe kamar an ja da zare. Ya zuba ruwan buta a kai. Ya ga ruwan na gangara, amma bai ji shi ba. Ya tsunkuli wurin. Kamar ƙafar wani.

Kafin Tabawa ta kai shi tashar ruwan, layin ya wuce gwiwa. A keken marasa lafiya aka shigar da shi. Dakta Hansatu ta ɗebi jininsa ta ɗiga a falle. Wannan karon ba tabo ba ne, rabin gilashin ne ya rine.

"Ya isa," in ji Tsefau. "Na gode."

Ta yi ta aiki, fitilunta na sauya launi. Sannan ta yi bayani da muryar nan tata mai daɗi. Asalinsa shuni ne, gaskiyar Barmo. Amma ya daɗe a rufe cikin duhu tare da dattin masana'antu, ya zama wani abu dabam. In ya sami jini, sai ya riƙa mayar da abin da ya taras irinsa. Yana fara taruwa a ƙasa, sannan ya hau.

"A tsayar da shi mana!" Tabawa ta riƙe rigar Dakta. "Ba kun ce ta san komai ba?"

"Ta san yadda za a tace shi daga ruwa, Inna. Daga mutum kuwa..." Dakta ba ta ƙarasa ba.

Barmo bai yi ihu ba. Layin na cibiyarsa a lokacin. Ya ce a miƙo masa fallen safe. Ya daɗe yana kallonsa, farin gilashi dogo, da tabon can sama. Shekarunsa nawa yana jera falle, ya san kowane abu da inda yake tsayawa, kuma ba ya saɓawa. Ya auna da yatsa daga ƙasa zuwa tabon, ya ga ɗan abin da ya rage. Sannan ya ɗora hannu a jikinsa. Ya wuce ƙirji, ya wuce wuya, ya wuce baki. Ya tsaya a gira.

"Nan ne, ko Dakta?"

Ta sunkuyar da kai.

"To, Tabawa, matso in gan ki tun da sauran ido."

Washegari aka sa sabuwar matata, aka saki ruwa. Gari ya sha, ya yi wanka, babu wanda ya sami ko ƙwarzane. Ba a fasa kankaren an duba sauran rijiyoyin ba. An ce aikin zai taɓa harsashin benaye.

Abin ya tsaya a girar Barmo, daidai inda ya nuna. Bai mutu ba. Yana kwance a ɗakinsa, shuɗi kamar sabon rawani, wani inji na hura masa numfashi. Ba ya gani, ba ya ji, ba ya magana. Daga goshi zuwa tsakar ka ne kawai nasa. Kullum Tabawa na zama ta ɗora tafin hannunta a wurin, fatar goshin ta ɗan motsa. Da haka suke gaisawa.

Tsefau kuwa ba ta ajiye abu babu suna. Da ba ta sami na sinadarin ba, sai ta ba shi na wanda aka ɗebo shi a jikinsa. Kowace safiya lasifikokin birni na sanar da sakamako kafin a buɗe famfo, har da wadda ke bakin tagar Tabawa.

"Babu gubar dalma. Babu ƙwayar cuta. Babu Barmo a ruwan yau."